Tannin: me za mu kira shi da Hausa?

1/
Masu aikin fassara, ku matso kusa. Makon nan wani rahoton kasuwanci ya zo hannuna kan jar giyar inabi ta Bordeaux a Faransa, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: tannin, sunan wani sinadari da ke cikin giyar. Ni ba na shan giya, addinina ya hana, amma labarin cinikinta yana zuwa teburina kamar na man fetur da na koko, kuma ina so mai sauraro ya gane abin da nake karanta masa.

2/
Wani da ya riga ni shiga sana'ar nan ya ce in sa "ɗaci" in wuce. Na ce, Malam, a yi haƙuri, da sake. Ɗaci na maɗaci ne da shuwaka, tsami kuma na tsamiya. Wannan daban yake.

3/
Duk wanda ya taɓa cizon ɗanyar kanya ya san shi. Yawu ya ɗauke, harshe ya yi kaushi, dasashi ya tattare kamar an goge shi da busasshen tsumma. Haka goro yake yi, haka shayin da aka bar ganyensa ya daɗe a buta. Tun kaka da kakanni muna da sunan wannan: bauri.

4/
Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu ya dunƙule shi, sai santsin baki ya tafi. Aikin da bagaruwa take yi ke nan a hannun majeman Kano da Sakkwato: a daka 'ya'yanta, a jiƙa, a tsoma fatar akuya, sinadarin ya kama fatar ya hana ta ruɓewa. Su ma Faransawa daga jima suka samo kalmar, domin "tan" sunan dakakken ɓawon itacen oak ne da majemansu ke amfani da shi.

5/
A giyar inabi, daga ɓawon 'ya'yan yake fitowa da ƙwayayensu, sai kuma gangar katakon da ake zuba ta. Ja ana barinta ta tsumu tare da ɓawon, fara kuwa matse ruwan ake yi a ware shi, shi ya sa ja ta fi bauri nesa ba kusa ba. Baurin nan, tare da tsamin, shi ke riƙe ta shekaru. Da tafiya ta yi nisa sai ya yi laushi, wani ya kwanta a gindin kwalba kamar laka. A Italiya, doka ba ta yarda a fitar da jar giyar da ake kira Barolo kasuwa ba sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a gangar katako. A Bordeaux kuwa, masu ɗanɗano sukan taru da bazararsu su kurɓi sabuwar giya tana cikin ganga, dillalai su biya kuɗinta tun ba a ɗura ta a kwalba ba. Cikin abubuwan da suke aunawa har da baurin: zai kai ta shekara ashirin, ko zai sake ta a hanya? Kuɗin ba na wasa ba ne. A 2018, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta 1945, jar giyar yankin Burgundy na Faransa, a New York kan dala 558,000.

6/
Mu koma kan suna: akwai masu cewa a kira shi "sinadarin jima". Asalinsa daidai ne, amma ka ce abin sha yana da sinadarin jima, warin fata ne zai zo wa mai sauraro. "Tanin" ya dace da littafin kimiyya, sai dai bai gaya wa kowa komai ba.

7/
Ga inda na tsaya: abin da baki ke ji, bauri, abin da ke kawo shi, sinadarin bauri. A rahoton na rubuta cewa giyar tana da bauri mai ƙarfi, za ta jure ajiya.

8/
Saura aging, wato ajiye giyar ta yi shekaru tana ƙara kyau. "Tsufa" bai kwanta mini ba, don yana nuna abu ya fara ja da baya. Ni "tsumuwa" nake so, kamar yadda tsimi ke ƙara ƙarfi in ya kwana biyu. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku ma haka kuke cewa?