Ɗan yayata fulbak ne a jami'a, ya shiga daraf ɗin NFL bana ko ya jira baɗi?

Kawun yaro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bin ƙwallon Amurka a cikinmu shawara nake nema, kuma abin na da ɗan gaggawa. Ɗan yayata ne, nan Amurka aka haife shi, yana buga wa wata jami'a wasa a matsayin fulbak, wato shi ne ƙaton da ke tsayawa bayan kwatabak (mai jefa ƙwallo) a gaban mai gudu da ƙwallo, aikinsa ya ruga ya ture mutum ya buɗe wa na bayansa hanya. Ya gama kaka ta uku saura masa ɗaya, digirinsa ma saura shekara ɗaya. To wani mutum da ya ce shi ejan ne, wato wakilin 'yan wasa, ya matsa masa da kira wai ya shigar da sunansa daraf na bana, wato zaɓen da kulob-kulob na NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ke yi su ɗauki 'yan wasan jami'a, wai zai iya fita a zagaye na huɗu ko na biyar, yaron kansa ya ɗau zafi, uwarsa kuma ta turo min maganar tunda mahaifinsa ya rasu ni ne a kai. Abin da ke damuna shi ne in na duba alƙalumansa sai in ga kusan ba komai, ba a cika ba shi ƙwallo ya gudu da ita ba, jefa masa ma jefi-jefi ne, amma kocinsa kullum yabonsa yake. Tsawonsa ƙafa shida, nauyi wajen kilo 110. Me masu ɗaukar 'yan wasa ke dubawa a jikin fulbak? Ta ina zan gane yaron na da dama da gaske ko daɗin baki kawai ake masa?

Ɗan Bronx:
Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya jiƙan mahaifinsa, kai kuma Allah ya saka maka da ka tsaya masa. Zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, wannan ejan ɗin ku yi hattara da shi. Daraf zagaye bakwai ne, kulob 32, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai ake kira a kwana uku ƙarshen Afrilu, kuma a cikinsu fulbak wata shekarar ɗaya ko biyu, wata shekarar ma a tashi ba a kira ko ɗaya ba. Kyle Juszczyk da kowa ya yarda shi ne kan gaba a wannan gurbin a zamanin nan, a zagaye na huɗu kulob ɗin Ravens suka ɗauke shi a 2013, mutum na 130. To in shi a huɗu ya fita, wanda zai yi wa yaronka alƙawarin huɗu ko biyar tun yanzu ya kawo sunan kulob ɗin da ya faɗa masa haka.

Dalilin kuma ba wai yaran yanzu ba su iya ba ne, wasan ne ya canza. Yawancin kulob yanzu masu cafe ƙwallo uku suke sakawa da tayit en ɗaya (ƙaton da ke tsayawa a gefen layin gaba, yana tarewa yana kuma cafewa) da mai gudu ɗaya, kujerar fulbak ita aka ba mai cafewa na ukun. Da yawa ba sa ajiye fulbak ko ɗaya cikin mutum 53 da ake barin kowane kulob ya riƙe a kaka, masu ajiyewa kuma ɗaya tak suke ajiyewa, in ya kama wurin sai ya shekara bakwai takwas yana nan ba ya motsi. Zamanin da Tampa Bay ta ɗauki Mike Alstott a zagaye na biyu a 1996 ya wuce, haka namu Christian Okoye ɗan Enugu da Chiefs suka ɗauka a zagaye na biyu a 1987 har ya fi kowa yadin gudu a 1989, wancan lokacin ana miƙa wa fulbak ƙwallo sosai, yanzu ba a yi.

Tsohon koci:
Malam Kawu sannu da ɗawainiya. Na koyar da yaran sakandare wannan wasan a nan, bari in amsa maka tambayar da ka yi kai tsaye. Alƙaluman nan da suka tayar maka da hankali ka ajiye su gefe, ba da su ake auna fulbak ba, da bidiyon wasa ake auna shi. Ka sa yaron ya ba ka bidiyon cikakken wasa guda biyu ko uku, ba wanda aka yanko wurare masu kyau aka haɗa da kiɗa ba, kuma ya zama wasan da suka yi da ƙungiya mafi ƙarfi da suka haɗu da ita. Kar idonka ya bi ƙwallo, shi kaɗai za ka bi.

Abu na farko, wa ya je ya tare? Kafin a fara an ce masa layinbaka (ɗan tsaron da ke tsaye bayan layin gaba) kaza ne naka, amma da an saki ƙwallo mutane sauya wuri suke, wanda yake nema ya zame wani ya faɗo ramin. Fulbak na ƙwarai a cikin daƙiƙa ɗaya yake gane wanda ya fi haɗari ya koma kansa. Wanda bai kai ba sai ka ga ya ruga da ƙarfinsa ya wuce bai taɓa kowa ba, ko ya je ya bugi bayan ɗan ƙungiyarsu ya toshe hanyar da aka aike shi ya buɗe. Wannan ganin shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa, kuma shi masu farautar 'yan wasa suka fi kallo.

Sai yadda yake haɗuwa da mutum. Ya rusuna da gwiwa da ƙugu kafaɗarsa ta shiga ƙasa da ta abokin karawa, hannuwa a ciki kan ƙirji, kai a ɗage yana ganin abin da yake bugu, sannan ƙafafu su ci gaba da tafiya bayan karon. Yara da yawa karon farko suke da shi, a ji ƙara gam jama'a su yi ihu, amma ƙafarsu ta tsaya, mutumin ya zame ya kama mai ƙwallo. Ka duba inda wanda ya tare ya ƙare, in baya ya yi ko gefe to aiki ya yi, in kuwa a cikin ramin suka tsaya cak to an ci shi ko da bai faɗi ba. Kuma in ka ga yana sunkuyar da kai yana tunkuyi da tsakiyar hular kwano, wannan ka kira shi yau ka yi masa faɗa, ba ma don daraf ba, don wuyansa.

Cafe ƙwallo ma dole. 'Yan jifan da aka yi masa, da tafin hannu yake kamawa ko sai ta bugi ƙirji? In ya kama yana iya juyawa ya ci yadi biyar shida? Juszczyk da Ɗan Bronx ya ambata a Harvard rabin aikinsa na tayit en ne, hannunsa ne ya sa 49ers suka ba shi dala miliyan 21 na shekara huɗu a 2017. Sai kare kwatabak in an turo masa mutum a guje, wanda bai iya wannan ba ba za a bar shi a fili ba.

Na Houston:
Koci ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara kuma a ganina ya fi duk sauran: sifeshal tim. Wato rukunin da ke shiga lokacin bugun farko da bugun sallama ƙwallo (a doka ta da ƙafa a miƙa wa abokan karawa) da tare su. Fulbak ko a kulob mai sonsa sau da yawa ba ya kai rabin wasan kai hari, to ba wanda zai ba ka kujera cikin 53 don wannan kaɗai, sai in kana iya rugawa ka kayar da mai dawo da ƙwallo kuma ka tare a bugu. Reggie Gilliam daga Toledo ba a ɗauke shi a daraf ɗin 2020 ba, toshe bugu da yake yi a jami'a ne ya sa Bills suka kula shi. Kawu ka tambayi yaron, yana cikin waɗannan rukunan a makarantarsu? In ya ce a'a to wlh wannan kaɗai ya isa dalilin komawa shekara ɗaya, ya je ya roƙi koci a saka shi a duka. Tun da NFL ta sauya dokar bugun farko a 2024 ana dawo da ƙwallo fiye da da, masu jiki irin nasa da ke iya gudu sun ƙara daraja.

Kawun yaro:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira shi yanzu, ya ce yana cikin masu tarewa in za su buga sallama, amma ba ya cikin masu rugawa a bugun farko. To amma in har ba za a kira shi a daraf ba, ba shi ke nan mafarkin ya mutu ba? Wannan ne ban san yadda zan faɗa masa ba.

Ɗan Bronx:
A'a Kawu, ko kusa. Ka lissafa fulbak ɗin da suka yi suna a 'yan shekarun nan ka ga. Patrick Ricard ba a ɗauke shi ba a 2017, kuma a jami'ar Maine ma ɗan tsaron layin gaba ne, Ravens ne suka mayar da shi fulbak. Alec Ingold daga Wisconsin ba a ɗauke shi ba a 2019, Raiders suka kira shi bayan an gama, daga baya ya koma Dolphins. C.J. Ham daga ƙaramar makaranta Augustana ya fito a 2016, mai gudu da ƙwallo ne Vikings suka ce ya koma fulbak. James Develin ɗan tsaro ne a Brown, ya ci kofin Super Bowl, wato kofin zakaran NFL, sau uku da Patriots. Hunter Luepke na North Dakota State shi ma bayan daraf Cowboys suka same shi a 2023. Ƙofar da yawancinsu suka bi ke nan.

Har ma akwai fa'ida a ciki, wanda ba a kira ba shi ke zaɓar inda zai je in kulob biyu uku suka neme shi, sai ya duba wanda tsarinsa ke amfani da fulbak kuma kujerar ba kowa. Ben Mason na Michigan Ravens sun ɗauke shi a zagaye na biyar a 2021, ga Ricard zaune a wurin, kafin kaka ta fara suka sallame shi. Amma ka lura da wani abu a jerin nan, abokan takarar yaronka ba fulbak na jami'a kaɗai ba ne, duk wani tayit en ko layinbaka ko ɗan tsaro mai jiki ana iya mayar da shi. Seahawks a 2025 tayit en ɗin Alabama suka ɗauka, Robbie Ouzts, suka ce fulbak zai buga.

Maman 'yan biyu:
Yaya ni a asibiti nake aiki, kuma ba zan ji ana ta maganar zagaye da kujera in yi shiru ba. Wannan gurbin karo ne daga farko har ƙarshe, kai da wuya da kafaɗa. Kafin komai ku zaunar da shi ya faɗi gaskiya sau nawa kansa ya bugu har ya ji jiri ko ya manta abu, sau nawa hannunsa ya yi sanyi daga wuya zuwa yatsu, don yaran nan ɓoyewa suke kar a cire su. Likitocin kulob ma za su tono wannan kafin su sa hannu, gara ku ku riga su sani. Kuma dan girman Allah ya karɓi digirinsa, cikin masu buga wa jami'o'i ko biyu cikin ɗari ba sa shiga NFL. Yayarku ta riga ta rasa miji, a tausaya mata.

Na Houston:
Hajiya gaskiya kika faɗa kan lafiya, ban musa ba. Sai dai komawa makaranta ma wata kakar karo ce, zai iya jin ciwon a can ba a biya shi kuɗin NFL ba, kuma mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2025 dala 840,000 ne in ya shiga cikin 53. Don haka ban ga laifin yaron ba da ransa ya biya. Abin da ya sa duk da haka na ce ya koma, bidiyonsa bai cika ba tukuna, in ya fita yanzu aka sallame shi a Agusta ba makaranta ba ƙwallo.

Tsohon koci:
Malam Kawu ga abin da za ka yi cikin makon nan, don wa'adin masu fita da wuri tsakiyar Janairu ne kuma in ya wuce da sunansa a ciki wasan jami'a ya ƙare masa. Kar ya sa hannu a kowace takarda ta ejan tukuna. Ka duba sunan mutumin a jerin ejan da ƙungiyar 'yan wasa ta NFLPA ta amince da su, in babu shi a ciki ba shi da ikon yi masa ciniki da kowane kulob, kuma ladansu ba ya wuce uku cikin ɗari, duk wanda ya nemi kuɗi a hannunku tun yanzu ku rufe waya. Sannan ku je wurin kocinsa ku tambaya kai tsaye, masu farautar 'yan wasa da ke zuwa atisaye akwai wanda ya taɓa tambayar yaron da sunansa? NFL na da kwamitin da ke duba 'yan wasan da ba su gama ba ta hanyar makarantarsu, amsarsu uku ce, zagaye na ɗaya, na biyu, ko ka zauna a makaranta, kuma fulbak kusan ka san wadda zai samu.

In ya koma, shekarar ta tafi a kan abu uku: a saka shi a duk rukunan bugu, ya roƙi a riƙa jera shi a gefen layi kamar tayit en don a ga hannunsa, ya kuma rage lokacinsa a gudun yadi 40 ba tare da ya zubar da nauyi ba. Ko ba a gayyace shi babban gwajin da NFL ke yi wa masu shiga daraf a Indianapolis ba kar ya damu, Juszczyk ma ba a gayyace shi ba, a wasan Senior Bowl na zaɓaɓɓun 'yan wasan da ke gama jami'a da ranar gwajin makarantarsu ya nuna kansa. In ka samu bidiyon ka turo min ta akwatin saƙo, zan kalla in faɗa maka abin da na gani kafin ku zauna da uwarsa.