Ɗan mai gidanmu ya yi wa ƙanwata fyaɗe, katinmu kuma ya ƙare

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Mu 'yan gudun hijira ne, amma ba a sansani muke ba, haya muke a cikin gari, ni da ƙanwata da yarana. Tun da muka tsallako iyaka ban ƙara jin ɗuriyar mijina ba. Da wankau nake biyan ɗaki, kuma mai gidan ya yi mana haƙuri, yana bin mu bashi bai taɓa ɗaga mana murya ba. To ɗansa ne ya shigar wa yarinyar nan ina wajen aiki. Ba ci ba magana, kullum fuskarta na bango. Katinmu na UNHCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙare ban sabunta ba. Ya zan yi?

Anti Nas: Yaushe abin ya faru? Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa bai wuce awa 120, kuma da wuri ya fi aiki. Tashi ki kai ta asibiti yanzu, maganar kati ta biyo baya.

Maman Biyu: Hmm, asibiti. Ni ina naƙuda suka shanya ni a benci don ban iya yarensu ba.

Yaya Babba: Wajen 'yan sanda za ki fara zuwa. Kar a wanke kayanta.

Anti Nas: A'a Yaya, magani ne farko. Kayan dai a naɗe su a takarda, ban da leda. Kai ƙara kuma ita ke da ta cewa, kar a tilasta mata. Ki nemi sashen kariya na UNHCR ko ƙungiyar da ke aiki da su, ki ce mace kike so, tafinta ma mace. Aikinsu da sirri ne, ki gaya musu matsalar ɗakin ma.

Mai tambaya: Anti ba ki san halin da muke ciki ba. In maganar ta fita ina za mu kwana? Ai ban zauna ba, na sayo mata maganin ciwon jiki.

Maman Biyu: Gaskiyarki, baƙo ba ya faɗa da ɗan gari.

Anti Nas: Wannan maganin ba ya hana HIV, ƙanwata. Har yanzu ba ki faɗi ranar ba.

Mai tambaya: Mai gidan ya yi tafiya. Bari ya dawo in fara yi masa magana tukuna.