An leƙa ta sama da ta ƙasa ba a ga komai ba, amma jinin Baba yana ta raguwa

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, kuma cikin wata biyar sau uku ana yi masa ƙarin jini, na ƙarshe leda biyu. Bayan gidansa baƙi ne wuluk kamar kwalta, tafin hannunsa ya yi fari fat, daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. An zura masa na'urar leƙen ciki ta baki, an kuma zura ta dubura, ba a ga inda jinin ke fita ba. Yanzu likita yana zargin jijiyoyin ƙaramin hanji. Don Allah yaya ake gano wannan, kuma yana da magani ba tare da tiyata ba?

Likita daga Samaru:
Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Rashin ganin komai bai nuna babu komai ba, domin ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, na'urar sama tana tsayawa a farkonsa, ta ƙasa kuma da ƙyar take taɓa ƙarshensa, tsakiyar duk a ɓoye take. A wajen dattawa, abin da aka fi samu shi ne ƙananan jijiyoyin jini da suka buɗe suka yi laushi a bangon hanji, suna tsiyaya kaɗan-kaɗan ba tare da ciwo ba, musamman ga mai ciwon ƙoda ko mai tsukewar ƙofar zuciya. Idan kuwa hanta ce ta lalace, jijiyoyin kan kumbura su fashe, shi ya sa ya kamata a duba hantarsa, a kuma gwada bayan gida saboda tsutsa mai shan jini.

Matakin farko shi ne kyamarar kafso, wadda aka fara amfani da ita a 2001. Majinyaci zai haɗiye ta da ruwa, ta yi ta ɗaukar dubban hotuna na awa 8 ko fiye, sannan ta fita da bayan gida. Gani kawai take yi, ba ta magani, kuma ba a ba wanda ake zargin hanjinsa ya tsuke, don kada ta maƙale. Idan ta nuna wurin, sai a shiga da doguwar na'ura mai balan-balan biyu, wadda likita Hironori Yamamoto na Japan ya ƙirƙiro. Ana hura ɗaya a saki ɗaya, hanjin yana tattaruwa a jikinta kamar yadda bakin wando ke tattaruwa a kan mazagi, har a isa jijiyar a ƙona ta da iskar argon, ko a matse ta da ɗan maƙalin ƙarfe. Ba a yanka ciki. Sai dai a ganina wajibi ne ku sani tun yanzu cewa jinin yakan dawo, domin jijiyoyin sukan fi ɗaya, saboda haka awon jini a kai a kai ba zai tsaya ba.

Maman Yara, Sabon Gari:
Ɗan'uwa, haka muka yi fama da surukata. An hana ta abinci tun dare, da safe ta haɗiyi kafson, aka ɗaura mata ɗamara mai ɗan akwati a ƙugu, ta yini tana lazimi a kan tabarma. Daga baya da aka shiga da doguwar na'urar, wurare biyu aka ƙona, ta dawo gida washegari. Ka tambayi likitanku inda ake yin aikin da kuɗinsa tun kafin ku tashi, domin mu sai da muka bar Zariya.

Likita daga Samaru:
Na manta abu ɗaya, Malam. Shin Baba yana shan maganin ciwon gaɓɓai irin su diclofenac, ibuprofen ko asfirin? Suna raunata hanji, suna ƙara zubar jini. Idan likitan zuciya ne ya rubuta asfirin, kada a daina sai da saninsa.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Likita da Hajiya. Wallahi kullum sai ya aiki yara kemis sun sayo masa diclofenac saboda gwiwa, kuma ba mu taɓa faɗa a asibiti ba. Ranar Litinin zan tattara duk kwalayen in kai wa likitansa, in sha Allahu.