Neman kalmar Hausa: me za mu kira fitar wuni guda a kan babur, mutum shi kaɗai?

Mai buɗe zance, daga Kano

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harshe da ma'abota babur a kan wata kalma da na rasa. Turawa suna da abin da suke kira "solo ride", wasu kuma su ce "day trip" idan tsawon lokacin suke nufi, wato mutum ya hau babur ɗinsa shi kaɗai da sassafe, ya bar gari ba don aike ko kasuwa ko gaisuwar mutuwa ba, ya wuni a hanya, sannan ya dawo ya kwana a gidansa. Nakan yi wannan kusan sau ɗaya a wata, amma duk ranar da aka tambaye ni inda na je, sai in rasa sunan da zan ba abin.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar asuba, na duba iskar taya, na ɗiga wa sarƙa mai, na cika tanki, na fita ta Na'ibawa kafin tireloli su cika titin Zariya. Da na wuce Kura na shiga yankin noman rani, sai iskar ta sauya mini a fuska da hannuwa, ta yi sanyi, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da wanda ke cikin mota da gilasai a rufe ba zai san an yi ba. A Kwanar Gafan na rage gudu saboda kwandunan tumatir da aka jera har bakin kwalta, daga baya na bar babban titi na nufi madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, kimanin kilomita 70 daga birni. A can na kashe babur, na zauna a kan dutse ina kallon masunta har rana ta ɗaga.

Da na shiga wurin mai shayi, sai ya tambaye ni, "Malam, wurin wa ka zo?" Na ce ba wurin kowa ba. Ya ce, "To, aiki ne?" Na ce a'a. Ya dubi babur ɗin, ya dubi ƙurar da ke wandona, ya ce, "Allah ya kyauta," ya ci gaba da fifita wuta. Da yamma mahaifiyata ta yi mini tambaya iri ɗaya, na ce mata yawo na je, ta ɓata rai, domin a kunnenta yawo aikin marar abin yi ne. Abin da nake nema shi ne kalmar da zan faɗa wa waɗannan mutum biyu su fahimta ba tare da na yi dogon bayani ba.

Wani malamin Hausa, daga Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka tana da kyau, kuma kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma ya kamata a fara gwada waɗanda ke hannu a ga inda kowace ta gaza. Yawon buɗe ido shi ne zai fara zuwa bakin mutane, amma nauyinsa yana kan wurin da aka je gani, alhali a bayaninka hanyar ce ta fi ɗaukar hankalinka, Tiga kuwa wurin juyowa ce kawai. Balaguro yana ɗauke da nisa da kwana da jaka. Rangadi na sarki ne ko hakimi ko jami'in gwamnati da ya fita duba ƙasa, ziyara kuma ba ta cika sai da wanda aka je wa. Shan iska ya fi kusa da manufa, sai dai gajere ne, irin wanda ake yi bayan la'asar a dawo kafin magariba, kuma ba na jin mai kilomita 140 zuwa da dawowa zai ce iska ya je sha ba a yi masa dariya ba.

Ni abin da nake ba da shawara a kai shi ne a aro daga harkar ilimi. Muna da makarantar kwana da makarantar je-ka-ka-dawo, kuma kowa ya san bambancinsu. Idan aka ce tafiyar je-ka-ka-dawo a babur, an fitar da batun rashin kwana sarai.

Wata 'yar'uwa, daga Damagaram

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a kan je-ka-ka-dawo. Kalmar umarni ce a gininta, wani ne yake cewa ka je ka dawo, don haka tana da ƙamshin aike, shi kuwa ɗan'uwanmu ya ce daɗin abin yana cikin cewa babu wanda ya aike shi. Idan rashin kwana ake so a nuna, ai Hausa tana da wuni. Mu mata mun fi kowa sanin wannan kalma, domin idan mace ta ce za ta je wuni gidansu, kowa ya san da hantsi za ta fita, da dare kuma tana ɗakinta. Gyara ɗaya kawai zan yi tun kafin wani ya kawo ta: kada a ce tafiyar wuni guda, saboda wannan ma'aunin nisa ne tun zamanin fatake, kamar a ce tsakanin gari kaza da gari kaza tafiyar wuni guda ce.

A nan wajenmu moto muke cewa, masu ɗaukar fasinja kuma kabu-kabu, 'yan boko idan za su fita irin wannan sukan ari kalmar Faransanci ta "balade". Ƙanena yakan hau motonsa ya tafi lambunan Mirriya shi kaɗai ranar hutu, kuma shi ma bai taɓa samun sunan Hausa da ya ba fitar ba. Ina kuma roƙo kada kalmar kaɗaici ta shigo cikin maganar nan. Kaɗaici ciwo ne, na wanda aka bari, ba na wanda ya zaɓi ya keɓe ba.

Wani dattijo, tsohon bakaniken babur

'Ya'yana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma ina ganin kun tsallake kalmar da ke gabanku. Abin da yaron nan ya bayyana sunansa kilisa. A da, mai doki yakan ɗaura sirdi ya hau, ba don yaƙi ko hawan salla ko kai saƙo ba, ya fita bayan gari ya zaga, dokin ya miƙe ƙafa, shi ma mahayin ransa ya yi fari, sannan ya dawo ya ɗaure shi a turke. Babu wanda yake tambayar mai kilisa wurin wa ya je, domin kalmar da kanta ta riga ta ba da amsa: hawan ne abin nufi. Da ka ce wa mai shayin nan kilisa ka fito, da ba zai yi maka addu'ar masu matsala ba.

Kada kuma wani ya ce kilisa ta doki ce kaɗai. Tun da ƙarfe ya shigo ƙasar nan muke kwashe kalmomin doki muna ɗora masa. Keke ana yi masa kirari da dokin ƙarfe, mazauninsa sirdi ne, kuma har gobe hawa muke cewa, mu hau keke, mu hau babur, mu sauka. Linzami ya bar bakin doki ya je har kan makami mai linzami da kuke ji a labarai. Haka jirgi ya tashi daga kwale-kwale ya zama na ƙasa da na sama, tuƙi ya bar hannun mai fito ya koma hannun direba. Hular kwano ma ba don babur aka fara faɗinta ba, ta soja ce, amma da hukumar kiyaye haɗura ta tilasta sanya ta a farkon 2009, babu wanda ya zauna taron neman suna, bakin jama'a ne ya miƙa mata wanda ke akwai.

Zan ƙara da abin da na gani a shekarun da na yi ina kwance inji. Babur ɗin da kullum aikinsa daga gida zuwa kasuwa ne cikin cunkoso, a giya ta biyu da ta uku, fuloginsa yakan yi baƙi da wuri, batirinsa ma ba ya samun caji yadda ya kamata. Idan aka fita da shi buɗaɗɗen titi ya yi tafiya mai tsawo a gudu matsakaici, sai ka ji muryar injin ta washe. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake fita da doki kilisa, kada ya sangarce a turke. Kun ga ashe har ta wannan fuska kalmar ta zauna daidai.

Wani matashi mai babur, daga Kano

Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka tana da ƙarfi, amma ina neman izinin kawo matsala guda biyu. Ta farko, kilisar da ka bayyana ba ita ce matasan birni suka sani yanzu ba. A Kano idan aka ce kilisa a yau, abin da ke zuwa zuciya shi ne ayarin samari a kan dawaki ranar biki ko ƙarshen mako, ana sukuwa a kan kwalta ana tare hanya, har jami'an tsaro sukan hana ta a wasu lokuta. Idan na ce wa abokaina na je kilisar babur, za su ɗauka wasan ganganci muka yi a bayan motar amarya, mu ashirin, ana ɗaga tayar gaba. Wannan kuwa kishiyar abin da ake nema ne.

Ta biyu, kalmar "solo" a kan babur tana da fuska biyu. Akwai rashin goyo, akwai kuma rashin abokan tafiya a kan nasu baburan. Mu a Kano fuska ta farko ba ta bambanta komai, domin tun watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana acaɓa, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, adaidaita sahu ta karɓe fasinja, ganin mutum shi kaɗai a kan babur kuma ya zama abin yau da kullum. Fuska ta biyu ce ke da muhimmanci. Wanda ya taɓa fita cikin ayari ya san cewa ba shi da ikon tsayawa don ya ga wata kuka ta burge shi, kuma dole ya bi gudun na gaba ko da ransa bai so ba. Mai fita shi kaɗai yana iya tsayawa sau goma, ko ya sauya hanya a mararraba ba tare da shawara da kowa ba, kuma idan tayarsa ta yi faci shi zai tura zuwa wurin mai faci. Saboda haka ina ganin dole sunan ya ƙunshi wannan. Me zai hana a ce kilisar tilo?

Malamin Hausa, daga Zariya

Na janye je-ka-ka-dawo, hujjar Malama ta kayar da ita, kuma na karɓi kilisa daga hannun Baba. Game da damuwar ƙanenmu, lalacewar wani nau'in kilisa a birni ba ta kashe asalin ma'anar ba, kamar yadda tuƙin ganganci bai sa mun daina cewa tuƙi ba. Abin da zai raba su shi ne kalmar da Malama ta kawo. Kilisar biki awa ɗaya ce ko biyu a cikin unguwa, babu mai jin kilisar wuni ya kawo ayarin amarya a ransa.

Tilo kuwa ba na goyon bayanta. Muna cewa ɗa tilo ko 'ya tilo, wato wanda ba shi da na biyu a samuwa, don haka kilisar tilo za ta iya nufin kilisa guda ɗaya da ba a yi wata ba, maimakon kilisar mutum ɗaya. A nan ne nake ganin muke yawan yin kuskure wajen fassara, mu ga Bature ya jera sifofi a gaban suna, mu ma mu ce sai mun cusa su duka cikin suna guda. Hausa ba ta ajiye wannan ma'ana a cikin suna, a cikin jimla take ajiye ta, kuma tana bin mai aikin: na fita ni kaɗai, ta fita ita kaɗai, ya fita shi kaɗai. Don haka sunan abin shi ne kilisar wuni, idan ana buƙatar bambanta shi da na doki a ce kilisar wuni a babur, sauran kuma a bar wa jimla. Misali, "Ranar Asabar zan yi kilisar wuni zuwa Daura ni kaɗai," ko kuma, "Ya saba kilisar wuni a babur, ba ya son ayari."

Matashi mai babur

Malam, na yarda da batun tilo. Amma har yanzu ina ganin a cikin birnin Kano sai an haɗa da "a babur" da "ni kaɗai" na ɗan lokaci kafin kunne ya saba, in ba haka ba za a tambaye ni dokin wa na ara.

Mai buɗe zance

Na gode muku baki ɗaya, musamman Baba da Malama. Jiya da dare na gwada kalmar a gida. Na ce wa mahaifiyata a ƙarshen wata ina so in yi kilisar wuni a babur, in bi ta Kazaure in je Daura in ga rijiyar Kusugu in juyo. Ba ta tambaye ni wurin wa zan je ba. Ta ce in sa hular kwano, in gaya wa yayana hanyar da zan bi, kuma kada magariba ta same ni a waje.