Kamfanin yaɗa labarai da haƙƙin muhalli: shawarwarin da aka tattara

An tattauna ne kan abin da ya kamata kamfanin yaɗa labarai ya yi don sauke haƙƙin muhalli. Shawarar da kowa ya amince da ita ita ce kamfani ya fara auna hayaƙin da ayyukansa ke fitarwa kafin ya yi wa duniya alkawari. Wata da ta daɗe a harkar ɗaukar shirye-shirye ta ce ɓarnar tana wajen janareton dizal da ke ruri dare da rana bayan tantin masu kyamara, da kwasar ma'aikata a jirgin sama saboda hirar minti biyar. A ganinta, a ɗauki ma'aikatan yankin, a koma batir. Ta kawo misalin Albert, manhajar lissafin hayaƙi da ta samo asali a BBC, wadda BAFTA, cibiyar fina-finai da talabijin ta Birtaniya, ta karɓa a 2011.

Shawarar amfani da takarda mai shaidar FSC kuwa, wato tambarin da ke nuna itacen da aka yi ta da shi ya fito daga dajin da ake kula da shi yadda ya dace, babu wanda ya ja.

Talla ce ta ta da ƙura. Gidan da ya kawo rahoton ambaliya da safe, da yamma ya sa tallar kamfanin man fetur, wa zai gaskata shi? Jaridar Guardian ta daina karɓar irin wannan tallar a 2020. Wasu suka ce da kuɗin nan ake biyan 'yan jarida albashi. Ni dai na fi karkata ga ra'ayin farko, ko da yake ba ni ke biyan albashin ba.