Neman kalma: me za mu kira "hi-fi" da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai, ga wata kalma tana neman suna. Turawa suna cewa "high fidelity", su gajarta ta su ce "hi-fi", kuma ana liƙa ta a jikin ƙananan na'urorin sauraren kiɗa na aljihu irin waɗanda Sony da FiiO da Astell&Kern suke ƙerawa. Ba waya ake nufi ba, ba kuma lasifikar bulutut ɗin nan da ake kira MP a kasuwa ba. Na'ura ce da babban aikinta shi ne ta karanta fayil ɗin kiɗa ta miƙa wa kunne. Abin da aka fi rubutawa shi ne "sauti mai inganci", amma wannan bai faɗi komai ba, don mai tallar rediyo a bakin titi ma haka zai ce da nasa. Ko akwai mai abin da ya fi?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. A ce "sauti garau", kamar yadda ake cewa ruwa garau. Abin da kunne ke fara lura da shi a na'ura mai kyau shi ne babu shuu ɗin nan a bayan kiɗa, babu kuma kwarmazazzen amo idan an ƙure murya.

Injiniyan Sauti:
Malam, garau ta kama wani sashe, amma ta bar babban. A ɗauki tsohon kiɗan goge da aka naɗa a kaset, daga baya aka juye shi zuwa fayil. Akwai shuu na kaset a cikinsa, akwai gogar izga a kan tsirkiya, wataƙila har da tarin wani a gefe. Na'urar da ta cancanci sunan nan za ta mayar maka da duk wannan yadda yake, har da tarin. Sautin bai fito garau ba, amma na'urar ta yi aikinta. Wadda ta shafe shuu ɗin, ta shafe shi ne tare da siririn amon izgar, don a wuri ɗaya suke zaune. Ita ce ta ci amana.

Haka ma "rangaɗau" ko "mai zaƙi", kafin wani ya kawo su. Akwai na'urorin da ake kumbura musu amon ƙasa da gangan don ganga ta riƙa dukan ƙirji. Da daɗi, amma ba abin da makaɗi ya kaɗa ba ne. Kalmar da muke nema ba yabon daɗi ba ce. Ma'anarta: abin da aka naɗa shi ya fito, ba ragi ba ƙari.

Ɗan Damagaram:
To ai kun faɗi kalmar da bakinku, Injiniya. A Faransanci "haute fidélité" ake cewa, kuma tushenta riƙon amana ne. Me zai hana "amintaccen sauti"?

Malamar Nahawu:
Ɗan'uwa, ta yi kusa, amma akwai gyara. Amintacce shi ne wanda mutane suka amince da shi: amintaccen ɗan aike, amintacciyar majiya. Yarda ce ta zuciya. Abin da Injiniya ya bayyana kuwa kama ce tsakanin abu biyu, na asali da wanda ya fito. Hausa tana da kalmar wannan tun tuni: sak. Yaro ya ɗauko ubansa sak. Ka miƙe gabas sak. Duka biyun suna cewa ba a kauce ba. Don haka "sauti sak".

Kuma a lura, ba "sautin sak" ba. Sak ba suna ba ce da za a ɗaura mata mahaɗi, tana bin bayan kalma ne kamar yadda fil ke bin sabo, fat ke bin fari. Na'ura mai sauti sak, iyafis mai sauti sak, wannan naɗin bai fito sak ba. Tana shiga jimla ba tare da an tura ta ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Malama, ba za a ji ƙamshin siyasa ba? A bakin mutane yanzu sak ai ita ce a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa.

Malamar Nahawu:
'Yan siyasa aro suka yi, Malam, kuma da ma'anarta suka are ta. Ba su saye ta ba.

Mai Fassara:
Ta kwanta mini. Sai dai tambaya ga Injiniya: sak ɗin nan ana iya auna ta, ko kowa da abin da kunnensa ya gaya masa? Idan ba a aunawa, gobe za ta koma wata "mai inganci".

Injiniyan Sauti:
Ana aunawa, kuma a nan za a buƙaci wasu kalmomin. Bari mu bi hanyar da sauti ke bi a cikin na'urar.

Fayil lambobi ne kawai. A ma'aunin faifan CD, ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo ana rubuta shi da ƙwayoyin lambar kwamfuta, wato bit, guda 16. Rabin wancan adadi shi ne iyakar siririn amon da za a iya adanawa, wato kaɗawa 22,050 a sakan, alhali kunnen yaro mai lafiya bai wuce 20,000 ba, na dattijo kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Bit 16 kuwa tana ba da tazarar desibel (ma'aunin ƙarfin amo) 96 tsakanin amo mafi sanyi da mafi ƙarfi. Fayilolin bit 24 da awo 96,000 suna da amfani a situdiyo wajen haɗa sauti, amma a aljihu, mafi yawan abin da suke ƙarawa nauyi ne: minti ɗaya ya kai megabayit 34 in ba a matse ba, na CD kuwa kimanin 10.

Daga nan lambobin su shiga wani ɗan guntun da ake kira DAC, wanda ke mayar da su wutar lantarki mai hawa da sauka. ESS da Cirrus Logic na Amurka da AKM na Japan su ne aka fi gani. Lokacin da masana'antar AKM da ke Nobeoka ta yi gobara a Oktoban 2020, kamfanoni da dama sun sake fasalin na'urorinsu da guntun wasu. Guntun nan yana tafiya ne da agogo mai tsara masa lokacin kowane awo, kuma na'urori masu kyau sukan sa biyu: ɗaya mai bugun 22.5792 megahaz don fayilolin dangin 44,100, ɗaya mai 24.576 don dangin 48,000, ko ninkinsu. Dalili shi ne kowanne ya rabu daidai ba saura. Wannan na daga cikin inda suka sha bamban da waya, don Android ta saba mayar da komai 48,000 kafin ya fita, su kuma waɗannan na'urorin suna kewaye wannan matakin.

Sai amfilifaya, wadda ke ba wutar ƙarfin motsa iyafis. A gaskiya a nan aka fi samun matsala, ba a DAC ba, duk da cewa sunan DAC ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali.

Ɗan Damagaram:
DAC ɗin nan ai tafinta ne. Yana karɓa da harshen lamba, ya faɗa da harshen kunne. Kuma tafintan kirki ba ya ƙara gishiri.

Malamar Nahawu:
Madalla. "Tafintan sauti" a karon farko a rubutu, daga nan "tafinta" kawai.

Mai Gyaran Rediyo:
Wannan ta yi. To ga wata da ta fi ba masu saye wahala: abin da ake aunawa da om a kafar da ake soka iyafis. Masu gyara da yawa ba su da sunanta, sai su ce "om nawa ce". A ce mata "turjiya", tunda tirje wa wuta take yi. Akwai turjiyar iyafis, akwai turjiyar kafa, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce ta kafa kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta iyafis. Iyafis mai om 16 yana son kafa mai om 2 ko ƙasa.

Injiniyan Sauti:
Turjiya ta zauna daram. Ga kuma misalin da ke nuna dalilin ƙa'idar. Na'urar AK100, wadda Astell&Kern na Koriya ta Kudu ya fitar a 2012, kafarta om 22 ce. A soka mata iyafis mai om 16: wutar tana rabuwa tsakanin turjiyar biyu, iyafis ya sami 16 cikin 38, kusan kashi 42 cikin ɗari. Da a ce a nan abin ya tsaya, da sai a ƙara murya kawai a huta. Amma iyafis mai 'yan lasifikoki da yawa a ciki, turjiyarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana sauyawa da kaurin amo ko sirantakarsa. A ce a wani amon ta hau om 50. A can sai ya sami 50 cikin 72, kashi 69. Bambancin ya haura desibel 4, kuma kowane kunne zai ji shi: wani amo ya yi gaba, wani ya noƙe. Kalangu ne zai fi tona wannan asiri, don muryarsa tana zamewa daga ƙasa zuwa sama yayin da makaɗi ke matse tsirkiya, sai a ji ƙarfinta na sauyawa a tsakiyar zamiyar. In kafar om 1 ce, lissafin nan bai kai rabin desibel ba. Kamfanin da kansa ya rage turjiyar a samfurin da ya biyo baya.

Matsala ta biyu shuu ce, wadda Malam ya fara da ita. Amfilifaya mai ƙarfi sosai in aka haɗa ta da iyafis mai saurin jin wuta, za a ji shuu ko ba a kunna komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: a soka iyafis, a tsayar da kiɗa, a saurara a ɗaki shiru. In akwai, a mayar da matakin ƙarfi zuwa na ƙasa a saitin na'urar. Akasin haka shi ne babban hedifon irin Sennheiser HD 600 mai om 300. Bolt 1 yana ba shi miliwat 3 da ɗoriya kacal, bolt 2 ya ba shi 13. In ƙarfi ya gaza, sai a ƙure murya, kan igiyar sautin ya gutsure, ganga ta koma kamar ana dukan kwali.

Mai Gyaran Rediyo:
Tunda an zo kan ƙarfi, a yi wa masu karatu kashedi game da kafa ta biyu. Yawancin na'urorin nan kafa biyu gare su: ta milimita 3.5 da kowa ya sani, da ta 4.4 wadda Sony ya yaɗa tun 2016, ko ta 2.5 a tsofaffin samfura. A ta 3.5, kunnen dama da na hagu waya ɗaya suke tarayya a kai wajen komawar wuta. A ta 4.4 kowane kunne da wayoyinsa biyu, kowace da amfilifayarta, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Bolt ya ninka, ƙarfi a lissafi ya ninka sau huɗu, batir kuma ya fi saurin ƙarewa.

Inda ake ɓarna: mutum ya sayi ɗan mahaɗi don ya soka iyafis mai kan 3.5 a kafar 4.4. Wannan yana haɗe amfilifaya biyu da bai kamata su taɓa juna ba, kuma yana iya ƙona su. Sai dai a sauya igiyar iyafis ɗin gaba ɗaya da mai waya huɗu. Ita kuma igiya mai kan 4.4 ana iya sa mata mahaɗi ta shiga kafar 3.5 lafiya lau. Suna? "Kafar tarayya" da "kafar ware".

Malamar Nahawu:
"Kafar tarayya" ta yi kyau. Ta biyun a ce "rababbiyar kafa", ta fi bin ƙirar Hausa, kuma "ware" tana ja zuwa wata ma'anar.

Mai Fassara:
An rubuta. Saura fayiloli, don rubutun Turanci yana raba FLAC da MP3 da wasu kalmomi biyu masu nufin mai asara da marar asara.

Ɗan Damagaram:
A tambayi tela. FLAC ninke yadi yake, ya shiga jaka, in an warware ya dawo kamu goma yadda yake. MP3 almakashi yake sa wa, ya zubar da abin da yake ganin ba za a lura ba. "Ninkakken fayil" da "ragaggen fayil".

Injiniyan Sauti:
Haka ne. CD tana gudu a kilobit 1,411 a sakan, FLAC ya ninke shi zuwa kusan rabi ko sama kaɗan, MP3 kuwa iyakarsa 320. Amma a yi adalci: ragagge a 320 da wuya a bambance shi da ninkakke in ba a ga suna ba. Na 128 ne ke fallasa kansa, kuge da shantu su riƙa fitowa kamar a cikin ruwa. Kuma ragagge ba ya komawa ninkakke. Ana juya MP3 zuwa FLAC, fayil ya yi nauyi, abin da aka yanke bai dawo ba. Mai shakka ya buɗe fayil a manhajar Spek ko Audacity ya dubi hoton amonsa. In an datse shi a miƙe wajen 16,000, galibi tushensa ragagge ne mai 128, ko me aka rubuta a sunansa. Bulutut ma ragewa yake, har LDAC, tsarin Sony na aika sauti ta bulutut, da ke kai kilobit 990.

Mai Fassara:
To ita na'urar fa? "Na'urar sauraren kiɗa ta aljihu mai sauti sak" ta yi tsawon da ba mai faɗa.

Malamar Nahawu:
A rubuta cikakken sau ɗaya, sannan a ce "'yar aljihu". Ta haɗa duka danginta tun daga Walkman na 1979 da iPod na 2001. Wadda ta cika sharuɗɗan da aka lissafa ita ce 'yar aljihu mai sauti sak.

Mai Gyaran Rediyo:
Allah ya gafarta Malama, wasu sai dai aljihun babbar riga. NW-WM1Z na Sony jikinta jan ƙarfe ne da aka shafe da zinare, giram 455, ta kusa rabin kilo. Ƙanwarta WM1A mai jikin alminiyam giram 267 ce. Jikin ƙarfe yana tare hayaniyar lantarki daga waje, yana kuma fitar da zafi, wannan gaskiya ne, amma alminiyam ma yana yi.

Injiniyan Sauti:
Shi ya sa a jadawalin kalmomin da Mai Fassara ke rubutawa, a ƙarƙashin "sauti sak", kada a sa nauyi ko zinare ko farashi. A sa turjiyar kafa da om, ƙarfin fita da bolt, da ƙarfin shuu da desibel. Mai Fassara, a ƙara layi ɗaya na "shuu" ita kanta, da wasali biyu, kada a rubuta "shu".