Maganin ɗigawa na hawan jinin ido: mahaifiyata tana son ta daina

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ta waɗanda suka taɓa fama da wannan larura. A watannin baya likitan ido ya auna mahaifiyata ya ce tana da hawan jinin ido, ya rubuta mata latanoprost ta riƙa ɗigawa sau ɗaya da dare, daga baya kuma ya ƙara mata timolol safe da yamma saboda matsin idon bai sauka yadda yake so ba. Har yanzu ba ta ga wani sauƙi ba. Ganinta na gefe da ya ragu bai dawo ba, idanun sun yi ja, gashin idon ma ya ƙara tsawo da duhu. Ta ce tunda a da idon ba ya yi mata ciwo, yanzu kuma yana yi mata zafi duk lokacin da ta ɗiga, gara ta haƙura da maganin. Shin yaushe ake fara ganin amfaninsa, kuma akwai laifi idan ta huta na ɗan lokaci?

Ma'aikaciyar Jinyar Ido

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Don Allah kada ta daina kafin ta koma wurin likitanta. Abin da ya kamata ku fara sani shi ne ba a ba da wannan magani domin ya dawo da ganin da ya riga ya tafi ba, ana ba da shi ne domin a tsare wanda ya rage.

A cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum, yana kuma fita ta wasu ƙananan hanyoyi. Idan fitarsa ta ragu sai matsi ya ƙaru, ya riƙa lalata jijiyar gani a hankali, kuma abin da ya mutu na jijiyar ba ya farfaɗowa. Matsin idon yawancin masu lafiya yana tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci. Latanoprost yana ƙara fitar ruwan, timolol kuma yana rage yawan wanda idon yake samarwa, shi ya sa ake haɗa su idan guda ɗaya bai wadatar ba. Mutum ba ya jin saukar matsin a jikinsa, kamar yadda bai ji hawansa ba tun farko, saboda haka awon asibiti da gwajin faɗin gani ne kaɗai suke nuna ko maganin yana aiki. Idan aka daina ɗigawa matsin yakan koma yadda yake cikin kwanaki ko 'yan makonni, ba tare da wata alama ba.

Jan ido da tsawon gashin ido sanannun abubuwa ne ga masu amfani da latanoprost, har fatar da ke kewaye da idon takan yi duhu. Jan yakan lafa da kansa. Idan zafin ya ci gaba, wani lokaci sinadarin da ake sawa domin kada maganin ya lalace ne yake jawo shi, kuma akwai nau'in da ba shi da wannan sinadari, wanda likita zai iya sauya mata.

Mai Haɗa Magunguna

Malam, ina da tambaya guda kafin komai: Mama tana da asma, ko wani ciwon huhu, ko ciwon zuciya? Timolol dangin magungunan nan ne masu rage bugun zuciya, kuma duk da a ido ake ɗiga shi, yana bi ta hanyar hawaye ya gangara hanci ya shiga jini. Ga mai asma yana iya tayar da sarƙewar numfashi, ga mai jinkirin bugun zuciya kuma yana iya jawo jiri ko suma.

Yadda ake ɗigawa ma yana da tasiri ƙwarai, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asarar magani. Ta wanke hannu, ta ɗaga kai, ta ja fatar ƙasan ido, ta saki ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa idon ba. Ɗigo na biyu zubewa kawai yake yi. Sannan ta rufe idon a hankali, ta danna lungun da ke kusa da hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu, ta share abin da ya gangaro a fata. Idan lokacin magungunan biyu ya haɗu, a bar aƙalla minti biyar a tsakaninsu. Idan ta manta da na dare, kada ta ninka washegari. Latanoprost da ba a buɗe ba galibi a firji ake ajiye shi, amma ku duba takardar da ke cikin kwalin. Kuma kada a sayo mata wani magani domin kawar da jan, musamman mai dexamethasone ko betamethasone, domin irin waɗannan suna iya ƙara matsin ido.

Dattijo Mai Ɗigawa

Ɗana, na daɗe ina ɗiga irin wannan magani, kuma na san abin da mahaifiyarka take ji. Abin da ya fi yi mini wuya shi ne hannu yana rawa, ɗigon ya sauka a kumatu, mutum bai ma tabbata ya shiga ba. Yanzu kwanciya nake yi rigingine, in jingina hannun da ke riƙe da kwalbar a kan goshi, ko in sa wani ya ɗiga mini. Ka zauna ka kalli yadda take yi, ba mamaki rabin maganin ba ya shiga idon.

Sai dai ban yarda a ce ɗigawa ce kaɗai hanya ba. Akwai aikin leza, wato haska wani haske mai ƙarfi na na'ura a cikin ido, da ake yi domin inganta fitar ruwan, kuma wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2019, ya nuna yawancin waɗanda aka fara yi musu shi sun yi shekara uku ba su buƙaci ɗigawa ba. Akwai kuma tiyata idan abin ya ƙi. Ku tambayi likita ko ta dace da ɗaya daga cikinsu. Kai da 'yan'uwanka ma ku je a auna ku, domin ciwon yana bin jini.

Mai Neman Sani

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai Mama tana da asma tun tuni, amma asmar ta daɗe ba ta tashi ba, sai kwanan nan ta fara tari da dare, ta koma shaƙar maganinta. Ba na jin an yi maganar asmar a wurin likitan ido.

Ma'aikaciyar Jinyar Ido

To ɗan'uwa, wannan ba abin jira ba ne har ranar da aka ba ku. Ku nemi likitan yau, ku faɗa masa tana da asma kuma tarin ya dawo bayan fara timolol, kada kuma ta sake ɗiga timolol ɗin sai kun ji daga bakinsa. Latanoprost kuwa ta ci gaba da shi. Akwai wasu magungunan ɗigawa, dorzolamide da brimonidine, da likitan zai iya dubawa a madadin timolol ɗin. Ku tafi da duk kwalaben da abin shaƙar. Idan numfashinta ya sarƙe kafin nan, ku wuce da ita sashen gaggawa kai tsaye.